Na sayo irin waken GMO, Baba ya ce ba a gonarsa ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne, ina noma tare da mahaifina a wani ƙauye a jihar Kano. Bara tsutsa ta cinye mana wake duk da feshi bakwai da muka yi. Bana sai na sayo kilo biyu na sabon irin nan, SAMPEA 20-T. Da Baba ya ji ana cewa GMO ne, ya ce ko ƙwaya ɗaya ba za ta shiga gonarsa ba, wai yana hana haihuwa, yana kashe ƙasa, kuma in an shuka sau ɗaya ba ya sake tsirowa. Matata na da juna biyu, ita ma hankalinta ya tashi. Yau kwana goma Baba bai sakar mini fuska ba. Mene ne ainihin wannan abu, kuma yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sauki iyali lafiya, ya kuma daidaita tsakaninka da Baba.

Kafin a zo kan iri, akwai gyara a wajenka. Gonar ta Baba ce, irin da ke rumbunsa kuma ya yi shekaru yana zaɓe yana adanawa. Ka sayo wani ka kawo ba tare da shawara ba, ga shi kuma a kasuwa da wayoyi ana ta yaɗa maganganu masu ban tsoro a kansa. Duk dattijon da ya san darajar gonarsa zai ja baya. Ka fara ba shi haƙuri a kan wannan, ka ware shi daban da maganar ko irin na da kyau ko ba shi da kyau.

Yanzu ga abin da ake nufi da sauya ƙwayoyin halitta. Kowane abu mai rai, mutum ne ko wake ko akuya, jikinsa ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kuma a cikin kowace akwai wani dogon zare da ake kira DNA. Zaren nan kamar rubutu yake, da haruffa huɗu kacal. Wani yanki na rubutun shi ke cewa waken nan fari zai zama, wani ya ce zai yi yaɗo, wani ya ce ga lokacin da zai yi fure. Kowane yanki irin wannan shi ne ƙwayar gado, kuma wake na da su dubbai. Manoma sun daɗe suna juya waɗannan ƙwayoyi ba tare da sun gan su ba: duk wanda ya ware zangarniya mai kyau ya ajiye don iri, abin da yake yi ke nan. Masana kuma sukan haɗa iri biyu barbara su zaɓi 'ya'yan da suka fi. Sabon abin da ya shigo tun 1973, lokacin da Stanley Cohen da Herbert Boyer suka yi shi a Amurka da bakteriya, wato wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, shi ne a ɗauko ƙwayar gado guda ɗaya da aka san aikinta, ko da daga wata halitta ce daban, a dasa ta kai tsaye. Abin da aka yi wa haka shi ake kira GMO.

Saboda haka mangwaro mai aure ba GMO ba ne. Kajin gidan gona ba GMO ba ne, haka manyan tumatirin nan da mutane ke nunawa a bidiyo. Zuwa 2024, amfanin gona uku ne irin wannan aka sakar wa manoman Nijeriya su shuka: auduga a 2018, wake a 2019, sai masarar TELA a farkon 2024.

Ka gaya wa maiɗakinka cewa fasahar ta riga ta daɗe a asibiti kafin ta zo gona. Allurar insulin da masu ciwon suga ke yi, tun 1982 ake samar da ita ta hanyar sa wa bakteriya ƙwayar gadon mutum. Kafin nan daga jikin shanu da aladu ake tatso ta. Rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai, da yis ɗin da aka sauya ake haɗa shi. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani na cutar sikila, inda ake ciro ƙwayoyin da ke haifar da jinin majiyyaci, a gyara su, a mayar masa. Kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu, don haka ba na talaka ba ne tukuna, amma hanyar dai ɗaya ce.

Mu dawo kan wakenka. Tsutsar da ta yi muku ɓarna bara, in dai ita ce mai shiga cikin fure tana saƙa zare kamar na gizo-gizo, ta huda kwanso ta bar kashinta a bakin ramin, sunanta maruka. A shekarar da ta yi yawa tana iya cinye kashi 80 cikin ɗari na amfanin. Abin da ya sa feshi ke kasa ta shi ne tana ɓuya a cikin fure da kwanso, inda magani ba ya kai wa. Masana sun bincika dubban nau'o'in wake ba su samu wanda ke da ƙarfin jure mata sosai ba, shi ya sa aka nemo taimako daga waje.

Akwai wata bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, a taƙaice Bt. Tana yin wani furotin da ke kashe tsutsotsin malam-buɗe-littafi da danginsu. Tun 1938 ake sayar da ita a Faransa a matsayin maganin feshi, har yau kuma masu noman da ba sa amfani da sinadarai suna fesa ta. Ƙwayar gadon da ke yin wannan furotin, mai suna Cry1Ab, ita aka kwafo. Aka haɗa ta da wani guntun DNA da ke kunna ta, da wata ƙwaya ta shaida wadda ke nuna inda dashen ya kama. Aka sa su cikin wata bakteriyar, Agrobacterium, wadda dama ɗabi'arta ce ta cusa DNA ɗinta cikin tsiro. Aka jiƙa 'yan guntayen ƙwayar wake da ita, aka rene su a kwalba har suka yi saiwa da ganye. Mafi yawansu ba sa kamawa. Cikin 'yan kaɗan da suka kama aka zaɓi guda ɗaya da ya fi, a cibiyar bincike ta CSIRO da ke Ostireliya. Daga nan aikin ya dawo Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, IAR, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da gidauniyar AATF mai tallafa wa fasahar noma a Afirka. Aka yi ta haɗa shi barbara da SAMPEA 10, irin da manoma suka riga suka sani, har ya koma kusan SAMPEA 10 sak, sai dai ƙarin kariyar nan. An fara gwaji a killataccen fili a 2009. Hukumar NBMA, wadda dokar 2015 ta kafa don sa ido kan irin wannan aiki, ta ba da izini a Janairun 2019, aka yi wa irin rajista a Disamban shekarar, aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a 2021. Shekara goma ke nan tsakanin gwajin farko da izini.

To me ya sa yake kashe tsutsa bai taɓa mutum? Ruwan cikin tsutsa mai kanwa-kanwa ne. A cikinsa furotin ɗin ke narkewa ya farka, sannan ya manne a wasu gurabe na musamman da ke jikin hanjinta, ya huda shi, ta daina ci ta mutu. Cikin mutum da na akuya da na kaza ba su da waɗannan gurabe, tumbin mutum kuma tsami ne da shi mai ƙarfi, yana narkar da furotin ɗin kamar yadda yake narkar da na ƙwai ko nama. Ga kuma dahuwa da ke lalata shi tun a tukunya. Tun 1996 ake cin masara mai ɗauke da irin wannan furotin a ƙasashe da dama. A 2016 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta duba ɗaruruwan bincike, ba ta ga shaidar cewa abincin GMO da ke kasuwa ya fi saura haɗari ga lafiya ba. Maganar hana haihuwa ba ta da wata hujja da aka tabbatar. Idan kuma Baba na tunanin halacci, abin da za ka kai wa malamin da ya yarda da shi shi ne bayanin gaskiya: ƙwayar gadon daga bakteriyar ƙasa aka samo ta, ba daga alade ko wata dabba ba. Hukunci na malamai ne.

Abin da ya kamata mai juna biyu ta ji tsoro a harkar wake yana nan kusa, a ɗakin ajiya. Fiya-fiya da ake yayyafa wa wake don kar ƙwaro ya ci, shi ne guba ta zahiri. Saboda ragowar irin wannan magani Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Kada ta wanke kayan da ka yi feshi da su, kada ta shiga gona ranar feshi, kada a ajiye kwalbar magani a ɗakin da ake kwana ko girki. Irin da ka sayo ma, in ka ga an rina shi da wani launi, an sa masa maganin iri ne. Ko ya yi saura ba a dafawa, ba a ba dabba.

Batun kashe ƙasa: tumɓuke wake ɗaya bayan wata guda da shuka, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsa, in ka fasa cikinsu ja-ja. Su ne ke tara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun yuriya. Wannan waken ma yana yin su kamar kowane wake. Bakteriyar Bt kuwa dama tana cikin ƙasar gonarku tun kafin a haifi kakanka.

Maganar rashin sake tsirowa tana da asali, shi ya sa ta ƙi mutuwa. A 1998 an yi rajistar wata fasaha a Amurka da za ta sa iri ya haifi 'ya'ya marasa tsiro. Duniya ta yi ca, a 2000 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan halittu suka dakatar da ita, ba a kuma taɓa sayar da ita ba. Wake tsiro ne da furensa ke yi wa kansa barbara tun kafin ya buɗe, don haka abin da ka girba daga SAMPEA 20-T zai tsiro, zai kuma ɗauko halin uwarsa. Ana dai son a sabunta iri bayan kamar damina uku, saboda garwayuwa da wani wake a masussuka da cututtukan da iri ke ɗauka. Masarar TELA daban take. Ita haɗin aure ce, in ka mayar da abin da ka girba amfanin zai ragu, kamar yadda kowace masara 'yar haɗin aure ke yi tun kafin a san GMO.

Ba muna cewa fasahar ba ta da inda take tuntuɓe ba. Muhawara a kanta ta kai har Majalisar Wakilai a 2024, kuma wasu tambayoyin masu adawa na da nauyi, musamman ta wa ke riƙe da iri da kuma ko hukuma na da ƙarfin sa ido. Burkina Faso ta fara noman audugar Bt a 2008, ta yi maganin tsutsa, amma zarenta ya fito gajere, farashinta ya faɗi a kasuwar duniya, zuwa 2016 aka watsar da ita. Laifin daga irin da aka dasa wa ƙwayar gadon ne, ba a gama mayar da shi kan ingancin audugar ƙasar ba aka sake shi. A Indiya jar tsutsar auduga ta saba da Bt har ta daina mutuwa. A Amurka yawan fesa maganin ciyawa iri ɗaya kan amfanin da aka sauya don ya jure shi ya haifar da wata ciyawa dangin alayyafo da maganin ba ya kashewa. Akwai ma waken suya da aka sa wa ƙwayar gadon wani ɗan itace na Burazil, gwaji ya nuna zai tayar wa wasu mutane borin jini, aka tsayar da shi a 1996 kafin ya shiga kasuwa. Don haka kowane iri da nasa hukuncin. Tambayar da ake yi ita ce: wace ƙwaya aka sa, me take yi, wa ya gwada, a ina.

Wakenka aiki ɗaya aka ƙara masa, maganin maruka. Ba ya hana darɓa. Ba ya hana ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan da ke cikin fure suna sa shi zubewa, ba ya hana masu tsotse kwanso su bar shi a shanye, ba ya hana ƙwaron ajiya. Wanda ya ji an ce "ba ya son feshi" ya jingine injinsa, zai yi kuka, sannan ya ce iri ne ba shi da kyau. Abin da aka ce shi ne feshi ya sauko daga shida ko takwas zuwa biyu.

Shawararmu ita ce kada ka nemi gonar duka. Roƙi Baba kunya goma a gefe, kowace mai tsawon mita 20, da tazarar santimita 75 tsakaninsu. Fili ne na murabba'in mita 150, ko an yi asara ba za ta girgiza rumbu ba. Ka tona rami duk bayan santimita 20, kusan taƙi guda ke nan, zurfin santimita uku zuwa biyar, ƙwaya biyu a kowane rami. Hakan zai ci ƙwaya dubu biyu, bai kai rabin kilo ba. Taki kilo ɗaya da rabi na NPK 15-15-15 da kilo ɗaya da rabi na sufa ya isa, a sa lokacin shuka ko cikin makon farko, a ɗan nesa da ƙwayar. A hekta guda lissafin ya kama buhu biyu-biyu. Kada ka ƙara masa yuriya, zai yi ta ganye ya manta da 'ya'ya.

Lokacin shuka shi ne inda masu sabon iri suka fi faɗuwa. Wannan waken yana nuna cikin kwana 70 zuwa 75, kuma ba ya jiran raguwar tsawon rana kafin ya yi fure kamar kanannado. In ka shuka shi da ruwan farko, zai nuna a tsakiyar Agusta, ruwa ya yi ta dukan kwanso, ƙwaya ta yi baƙi ta ruɓe. Ka ƙirga kwana 70 baya daga lokacin da ruwa ya saba ɗaukewa a yankinku. A ƙasar Kano hakan kan faɗa tsakiya zuwa ƙarshen Yuli. Kada kuma ka cusa shi ƙarƙashin doguwar dawa, inuwa na danne shi. Noma biyu, na farko bayan mako biyu, na biyu kafin fure. Feshin farko idan ya fara ɗaure fure, wajen kwana 30 zuwa 35, na biyu bayan kwana goma zuwa sha huɗu, lokacin da kwanso ke fitowa. A yi da sassafe ko da yamma, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka. Idan darɓa ta rufe shi tun yana ƙarami, wannan feshi ne na daban, kada ka jira.

Ka sa Baba ya zama shi ne alƙali. Idan fure ya buɗe, ku je tare da safe, ya tsinki ashirin a naka, ashirin a wani waken da ke fure a kusa, ya buɗe da farcensa ya ƙirga tsutsa. Idan kwanso ya cika, ku ƙirga ɗari-ɗari ku ga nawa ke da huda. Bayan sussuka a auna da kwano ɗaya. Abin da ka samu a kilo, ninka shi sau 67, shi ne kwatankwacin hekta. Ku auna harawa ma, domin a nan nasa zai iya cin naka: kanannado mai yaɗo ya fi ba da abincin dabbobi, ƙwayarsa ta fi girma, kuma wasu masu saye sun fi son ta. Wanda ke da tumaki a gida ba zai raina wannan ba. Naka kuma yana da juriyar ƙuduji, wadda ya gada daga SAMPEA 10. Daga abin da aka girba, ba shi ƙwaya goma ya shuka a tsohuwar roba a tsakar gida. Cikin mako guda zai ga amsar maganar rashin tsirowa da idonsa.

Wani abin da zai yi wa Baba daɗin ji, kuma gaskiya ne: sabon irin na bukatar tsohon. A cikin dubban tsutsotsi akan samu 'yan ƙalilan da furotin ɗin bai kashe su. In duk gari ya koma iri ɗaya, waɗannan ne kaɗai za su rage, su auri juna, jikokinsu su fito duk masu taurin kai. Abin da ya faru a Indiya ke nan. Amma in akwai waken gargajiya a kusa, tsutsotsi marasa juriya za su yi yawa a cikinsa, su garwaya da masu juriyar, halin ya dushe. Irin Baba ke nan yana tsare naka. Ko gwajin ya yi kyau, kada ku yar da shi.

Ajiya kuma a yi ta ba magani. A shanya wake har ƙwaya ta fashe ƙaras a haƙori, a bar shi ya huce, a zuba a buhun PICS mai riɓi uku. A matse iskar leda ta ciki a ɗaure, a ɗaure ta biyu daban, sannan buhun waje. Ƙwaron da ke ciki iska ce za ta ƙare masa. A ɗora kan katako nesa da bango, domin huda ɗaya ta ɓera ta ɓata aikin, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiba.

Ka duba ledar irin da ka sayo. Ingantaccen iri na zuwa a rufe, da sunan kamfani da tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC. In a buɗaɗɗen buhu aka auno maka da kwano aka ce shi ne, ba ka da tabbas, domin da ido ba a bambanta shi da sauran farin wake. Ka kai wa malamin gona na ƙaramar hukumarku ya duba, in da hali ma ka gayyato shi ya gaisa da Baba, sau da yawa dattijo ya fi jin magana daga bakin wanda ba ɗansa ba.

In duk da haka Baba ya ce a'a, ka bar masa gonarsa yadda yake so, ka ci gaba da taya shi aiki ba tare da ɓata rai ba. Nemi aron ɗan fili wajen wani ɗan'uwa ko ka yi haya, ka sanar da shi kafin ka shuka. Idan damina ta wuce ba ka samu ba, ajiye irin a rufe a wuri mai sanyi marar laima. Kafin shuka ta gaba, jera ƙwaya ashirin a jiƙaƙƙen buhun algarara, ka riƙa yayyafa ruwa, ka ƙirga bayan kwana bakwai. In waɗanda suka tsiro ba su kai sha biyar ba, sai ka riƙa sa uku a rami.